Laujen Tarakta da Ƙullin Gamba

Ku da ke zaune gindin dalbejiyar ga kuna kallona ina wasa wuƙa, na ji abin da ɗayanku ya ce. Wai aikin ga ai hutu ne, ka hau kujera ka riƙe sitiyari, inji shi yi sauran. To Allah shi ba ku irin wanga hutu, in ga wanda za shi kai la'asar bai kira Inna ba.

Abin ga da ke kwance bayan tarakta, mu laujen tarakta muke ce mashi. Dogon hannu ne na ƙarfe da ke miƙewa ta dama, shina jan ciki bisa ƙasa. A baki nai akwai 'yan yatsu masu tsini a jere, su ke tsefe ciyawa, wuƙa mai haƙora kuma tana kai da komo cikinsu. Almakashi ne dai mai baki da yawa. Daga gindi shike yanke ciyawa, ta kwanta da tsawonta awa an shimfiɗa tabarma, ta sha rana, a tattara a ɗaure. Shi ya sa mai dabba ke son shi. Wancan mai juyawa awa fanka, wanda ake share gefen titi da shi, dagargaza ciyawa shike yi, in ta bushe ba ka da abin ɗaurewa. Kuma laujen ga ba ya neman ƙarfi da yawa. 'Yar taraktar da ba ta iya jan babbar garma, shi tana jan shi tana waƙa.

A Filato na koyi aikin, wata gonar shanun madara. Kafin nan na yi yawo, na yi karen mota hanyar Kwanni, na yi dako a Ilori, har Yola na kwana tasha. Wanda ya koya mani sunan shi Oga Bitrus, gajere ne mai faɗa, hannun shi na hagu yatsa huɗu. Ranar da na fara, sai ya ɗaga hannun ya nuna mani. Ya ce, "Ka ga wannan? Inji a kashe yake lokacin." Ashe in za ka ɗaga hannun laujen ka jingina shi tsaye don tahiya, wuƙar kan sulale da nauyinta. In yatsanka na tsakanin 'yan yatsun ƙarfen nan, ka yi sallama da shi. Ta baya ake kama shi, da tafin hannu a buɗe. Ni dai ga nawa goma, ku ƙirga in kuna so.

Damina ta farko bai bar ni na hau kujera ba. Kullum sai shi ba ni sanda shi ce in taka filin da za a yanka, in fid da dutse, in kafa alama inda suri yake, in duba rami. Na ce, "Oga, ni tuƙi na zo koyo." Ya ce, "Da ƙafa ake fara yanka, Mamman. Wanda ke bisa kujera saman ciyawa kawai yake gani." Haushi nai na ji lokacin. Yanzu ko filin masallacin idi aka ba ni sai na taka shi.

Zaɓen laujen ma aiki ne. Wani Alhaji mai kiwon bijimai a Gummi ya taɓa kira na in gwada mashi wanda ya sawo. Ya shiga Kano ya ce a ba shi wanda ya fi kowane tsawo, don shi a ganin shi dogo ya fi ci. Taraktar shi kuwa 'yar ƙarama ce. Munka ɗaura, na ɗaga, sai ga gaban tarakta na neman barin ƙasa. Da na sauke na shiga ciyawa, lauje ke jan tarakta gefe, ni kuma ina ta kokawa da sitiyari. Alhaji na tsaye da babbar riga shina cewa, "Ƙara wuta, Mamman!" Na ce, "Alhaji, ka ɗora wa ɗan maraƙi garmar bijimai, wace wuta za ni ƙara?" Ƙaramar tarakta, hannu mai ƙafa biyar ko shida ya ishe ta. In na hannu za ka saya, kar ka dubi fenti. Ka duƙa ka dubi 'yan yatsun, in bakinsu ya cinye ya yi sulɓi, ciyawa za su riƙa taunawa. Ka girgiza kan wuƙar ka ji ko tana lilo. Sannan ka tambayi kanka, in haƙori ya karye ranar kasuwar Bukkuyum, ina za ka samu wani? Inji mai kyau wanda ba a samun kayan shi, kaji za su kwana ƙarƙashin shi.

Akwai kuma abin da ba ya yi. Kowace kaka sai an zo an ce in yanke harawa. Ni kuwa sai in ce a'a. Gonakinmu kunya-kunya ne, shi kuwa shimfiɗaɗɗen wuri yake so. Ka sa shi bisa kunya, nan shi ci ƙasa, can shi wuce saman wake. Ba ya son raɓa, sai rana ta ɗaga ciyawa ta sha iska, in ba haka ba ta cushe mashi baki. Ba ya son gudu, tahiyar mutum mai sauri ta ishe shi. In ya cushe kuma, ka tsaya, ka kashe, ka ja baya kaɗan, ka sa sanda. Hannu bai da aiki a wurin.

To bari in ba ku labarin aikin da na fi tunawa, don a cikin shi ne komai ya haɗu.

Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri ce, kuma daji ya ƙi shiguwa. Kun san abin da nake nufi, ba sai na faɗa ba. Akwai wani Ardo Julde da ruga tai ke bakin wata tunga gabas da Bukkuyum. Tun kakan shi suke nan. Da can in rani ya yi, shanun shi kan yi kudu su dawo da ruwan farko. Wannan shekara ba mai kai dabba can shi dawo da ita. Ko dai shi tara ingirici, busasshiyar ciyawar da za ta riƙe su har damina, ko shi kai su kasuwa ɗaya bayan ɗaya. Kuma zaman ya yi tsami. Mutanen da sunka shekara suna musayar nono da hatsi, sai ga shi kowa na kallon kowa ta wutsiyar ido. Ƙaramin abu na iya sa a ce ruga ta tashi.

Ardo ya roƙi maigari wata fadama da anka bari ba a noma ba, maigari ya ba shi. Ardo ya aiko mani. Na iso da hantsi, na iske kyasuwa da harkiya har ƙugu, ta fara juyawa ruwan ƙwai. Lokacin yankanta ke nan, in ta wuce haka ta zama kara.

Na ɗauki sanda na shiga. Ardo na biye da ni, malfa bisa kai, shina cewa, "Mamman, rana na tahiya. Fili ne lafiyayye, ni na san shi."

Na ce, "Ardo, kai ka san shi, wuƙata ba ta san shi ba."

Na fid da duwatsu, na sa alama ga suri guda biyu. Da na kai tsakiya sai na iske gamba, doguwa, ta ratsa fadamar awa ɗamara. Kuma kowane ƙunshi an tattara kan shi an ƙulle.

Ku yaran gari wataƙila ba ku san wannan ba. In mutum ya ga gamba mai kyau a wurin da ba na kowa ba, shina son ta don zana, sai shi kama kanta shi ƙulla. Shi ke nan ta yi mai ita. Ba shaida, ba suna, amma ba mai taɓa ta har shi zo da lauje nai. Daga bisa tarakta ba za ka ga ƙullin ba, sai ka ga ciyawa ta ɗan sunkuya.

Na nuna wa Ardo. Ya ce, "Maigari duka ya ba ni."

Na ce, "Fili ya ba ka. Ƙullin ga ya riga ka zuwa, dubi yadda ya bushe."

Ya ce, "Ni ma na san ƙulli, Mamman, ba baƙo nake ba. Amma saniya ba ta san shi ba. In ka tsaya zagaye wagga gamba, yaushe za ka gama?"

Gaskiya tai. Lauje na son doguwar tahiya, ka zagaya fili hannun na cikin ciyawa, kana matsowa ciki. Gambar nan ta raba mani fili gida biyu, kowane juyi sai na ɗaga, na ja baya, na sake shiga. Aikin ya kusa ninkawa. Na ce, "Ardo, in na yanke ta, gobe ba za a ce Mamman ya yanke ba. Cewa za a yi shanun Fulani sun cinye gambar mutane." Ya cire malfa ya sake mayarwa, ya ce, "To zagaya."

Tun da na tada inji na lura da wani tsoho zaune gindin kanya bakin fadama, lauje bisa cinya. Na ɗaga mashi hannu, ya ɗaga da ƙyar. Duk juyin da na yi kusa da gamba sai shi miƙa wuya. Haka ya wuni.

Washegari na ci rabin gefen farko, aiki na tahiya, sai na ji ƙas! Wuƙa ta tsaya. Wani tsohon turken ƙarfe ne da anka taɓa ɗaure doki, ya nutse saura ɗan kai, sandata ta wuce shi. Haƙori biyu sunka tashi, wannan ba komai, ina da wasu cikin gwangwani, da guduma da ƙusoshinsu. Abin da ya dame ni sandar icce ce.

Irin laujen nawa tsoho ne. Tsakanin abin da ke juyawa da kan wuƙa akwai sanda, ita ke tura wuƙar tana jawo ta. Da icce anka yi ta, kuma da gangan. In wuƙa ta ci karo da abin da ya fi ƙarfinta, sandar ke karyewa, sauran inji shi tsira. To ta karye, ta yi aikinta. Sai dai ta ajiyata na riga na sa ta a Gummi, sabuwa kuwa sai Kano, hanya kuma ba a bin ta yadda anka ga dama. Ga hayaƙi can ƙetaren gulbi, samari sun fara sa wuta suna farautar gafiya. Kowa ya san in iska ta juya, fadamar ga ba ta kai Juma'a.

Munka hau babur da Ardo munka shiga Bukkuyum wurin Isiya mai walda, abokina ne tun muna yara. Ya juya guntayen, ya yi dariya. Ya ce, "Mamman, duk yawon duniyar ga taka, da icce kake aiki? Ga bututun ƙarfe nan, in yanka maka, in like, har jikokinka ba su karya shi."

Na ce, "Abin da nake tsoro ke nan."

Ardo ya ce, "A sa ƙarfen."

Na ce, "Ardo, in akwai wani turke a filin nan, kuma ƙarfe bai karye ba, giya za ta fashe. Ranar ba ni da lauje, kai ba ka da ciyawa."

Ya ce, "In ba a sa ba fa? Yanzu ina da ita?"

Na tattara guntayen. Isiya ya ce in yi tunani, bututu na nan ba ya gudu. Munka hau babur munka koma fadama.

Da munka iso, tsohon nan na tsugune gaban tarakta shina leƙen inda sandar ta fita. Ardo ya gaishe shi, "Baba Na'Allah, an wuni lahiya?" Sannan na san sunan shi. Ya miƙo hannu na ba shi guntayen. Ya haɗa su, ya shinshina, ya sa farce ya karta.

Ya ce, "Wanga icce ba na ƙasar ga ba ne."

Na ce, "A'a, Baba."

Ya ce, "Gambar can tawa ce. Jiya da lauje na zo. Cewa na yi in ƙarfen ga ya taɓa ƙulli ɗaya, ba gida za ni ba, ƙofar maigari za ni, kuma ba ni kaɗai ba." Ya dubi Ardo. "Julde, ubanka bai taɓa sa mani saniya cikin gamba ba."

Ardo ya ce, "Ni ma ban sa ba, Baba."

Tsohon ya ce, "Na gani. Ai nan nake zaune." Ya sake juya guntayen. "Kai mai inji, so kake ta yi ƙarfi ko so kake ta karye?"

Na ce, "So nake ta yi ƙarfi har ranar da ya kamata ta karye."

Ya ce, "To aduwa ke nan. Kirya ta yi taurin kai."

Ashe shi ke sassaƙa ƙotar fartanya a tungar. Ya kai ni gida nai, ya jawo wani busasshen reshen aduwa daga bisa rumfa, ya zauna da gizago. Ni na cire ƙarafan bakin tsohuwar sanda, Isiya ya aiko mana da abin huda daga Bukkuyum. Ta farko da munka ɗaura ta ɗan yi tsawo. Na juya da hannu, sai na ga haƙoran ba su tsayawa daidai tsakiyar 'yan yatsu, haka kuwa ciyawa za ta riƙa kuɓucewa. Na ce, "Baba, a rage kamar faɗin ɗan yatsa." Ya ce, "Yatsan wa? Nawa ko naka?" Na miƙa mashi nawa, ya auna, ya yi tsaki, ya rage.

Kafin in tada inji na sake taka filin, wannan karon da Ardo da ƙannen shi, kafaɗa da kafaɗa, kowa na jan ƙafa. Munka tono wani turken. Ardo ya ɗaga shi ya jefar bakin fadama, zancen bututun Isiya ya mutu nan.

Sandar aduwa ta riƙe. Ƙararta ma daban, ta fi ta Turawa kauri. Ina yanka, matan ruga na juya ciyawar da ta sha rana, maza na ɗaurewa suna lodi bisa amalanke. Hayaƙin ƙetare na matsowa kullum, mu ma muna matsawa. Ranar da na yi juyin ƙarshe, ba abin da ya rage tsaye cikin fadama sai ɗamarar gambar nan.

Na fara kwance kaya sai Baba Na'Allah ya taso. Ya shiga gambar, ya kama ƙullin farko ya kwance, ya wuce na biyu. Sai da ya bi su duka. Ya fito shina haki ya ce, "Bayana ba ya son duƙawa bana. Gwada ƙarfen naka in gani. Amma in ka farfasa mani ita, kai za ka saƙa zanar."

Na sauke hannun ƙasa sosai, na sa giya ta ɗaya. Gamba ta riƙa kwanciya da tsawonta, shi kuwa shina biye shina mita, wai lauje ya fi gyara gindi. Ya zaɓi dogayen ya ɗaure, ganye da gajeru ya ture da ƙafa ya ce, "Julde, kwashe wannan, ba ta yi mani." Abin da ya ce ba ta yi mashi ya cika amalanke. Bayan kwana kaɗan wuta ta ƙetaro, ta iske fadama a aske, ta lashi abin da ta samu ta mutu.

Sandar nan ta yi mani aiki har kaka ta zagayo, sannan ta karye bisa wani dutse a Anka, yadda anka so ta yi. Tun daga nan ba ni fita sai da biyu a akwati, duka na aduwa.

Cikin tsakiyar bazarar da ta biyo yankan nan na bi ta tungar zuwa wani aiki, na ratse rugar Ardo. Shanun sun rame, ana ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa, amma suna nan, har da wata ja mai karyayyen ƙaho da Ardo ya ce ita za shi fara kaiwa kasuwa. Matar shi ta kawo mani fura. Ina sha sai na ga ragowar ingiricin an tara shi bisa dandamali, an kewaye shi da sabuwar zana, saƙa mai kyau, gamba doguwa.

Na ce, "Ardo, yaushe Fulani sunka koyi saƙar zana?"

Ya yi dariya ya ce, "Baba Na'Allah ne. Shi ya ɗauko ta bisa kai ya zo ya kafa. Wai awakin garinsu ɓarayi ne, shi ya san su."

To, wanda ya ce aikin ga hutu ne, ga sanda nan jingine. Gobe akwai fili a hanyar Gummi. Ka zo da takalmi mai kauri, kujerar tana nan tana jiran ka baɗi.